Azarar Zauren Kakana

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin wata azara wadda ta koya mini karatu tun ban shiga aji ba.

A Kurfi aka haife ni. Zauren kakana soro ne na tubali, an jera masa azarar giginya, an ɗora ƙasa a bisa. Wata damina, cikin watan Agusta, aka kwana biyu ana ruwa, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufin. Da dare muna kwance mu huɗu, sai muka ji ƙas, ƙas, daga sama. Kaka ya ɗaga fitila, ya ga azara guda ta yi ciki kamar baka. Ya ce, "Maza ku fita, sallama ta ke yi mana." Kafin asuba rufin ya rufta bisa tabarmin da muka bari.

Da gari ya waye aka kirawo wani tsohon magini daga Dutsin-Ma. Ya auna zauren da taki, ya ce wa kaka, "Malam, giginya ba ta da laifi, an ba ta faɗin da ya fi ƙarfinta." Magina sun san azara ba ta wuce kamar ƙafa shida ba madogara. In ɗaki ya fi haka, sai a kafa ginshiƙi, ko a yi bakan gizo irin na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Sa'an nan ya nuna mini bakin karayar. Ta ƙasa zaren itacen ya tsinke kamar igiya, ta bisa kuwa ya murƙushe.

Sai da na zo makarantan nan na gane abin da idona ya gani. Kowace azara in ta ɗauki kaya, bisanta matsuwa ya ke yi, ƙasanta kuwa jan sa a ke yi. Laka tana jure danniya, amma ba ta jure ja, giginya kuwa zare gare ta, shi ya sa aka haɗa su aure. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cikin 1678 cewa gwargwadon nauyi gwargwadon miƙewa, in an sauke kuma abin ya koma yadda ya ke. Amma fa da iyaka, in aka ƙetare ta ba ya komawa. Lissafi kuma ya nuna in aka ninka faɗin ɗaki sau biyu, wahalar da azara ke sha ta ninka sau huɗu. Ga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ƙara nauyi, ina azararmu za ta kai?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sallamar nan. Tukunyar ƙasa farat ɗaya ta ke fashewa. Ƙarfen maƙeri ya kan lanƙwashe kafin ya karye, azara ta kan yi kuka. Yau da kankare a ke rufi, shi kuwa ƙarfinsa wajen ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danniya ba, don haka a ke sa masa rodi ta ƙasa. Rodi isasshe ya kan miƙe, rufin ya tsage, mutane su farga. In kuwa an tauye siminti an cika yashi, ko an yi rowar rodi ƙwarai, to, ba sallama.

Mu da za a rarraba mu ƙauyuka koyarwa, 'ya'yan mutane za a ba mu amana. In damina ta faɗi, mu riƙa ɗaga kai muna duban rufin aji, mu sa a share indararo. Wanda ya ga itace ya yi ciki, ko tsaga tana ƙaruwa, ya fid da yara tukuna, kāna ya rubuta takarda. Allah ya kiyashe mu, amin.