Yashin da Ke Tafasa Ba Ruwa

Akwai batutuwan da ke wahalar da mai aikin rediyo, domin mai sauraro ba shi da hoto a gabansa sai wanda ka zana masa da baki. Cikin duk abin da na taɓa kawowa a shirina na kimiyya, babu wanda ya ba ni aiki kamar yashin da ke tafasa ba tare da ɗigon ruwa ba.

A zuba yashi mai laushi a tukunyar da aka huhhuda gindinta, a riƙa hura iska daga ƙasa. Da farko iskar za ta ratsa ta wuce, yashin na kwance abinsa. Idan aka ƙara mata ƙarfi har turinta ya yi daidai da nauyin yashin, sai ƙwayoyin su saki juna. Daga nan ya zama kamar kunu a kan wuta, yana ɓulɓula. Ka jefa dutse ya nutse, ka jefa sakaina ta taso. Wani Bajamushe, Fritz Winkler na kamfanin BASF, shi ya fara morar wannan hali a shekarun 1920 wajen fitar da gas daga kwal. A 1942 kuma aka kunna matatar farko mai irin wannan tukunya a Baton Rouge ta Amurka.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne isansin da ɗan kabu-kabu ke zubawa a babur. A manyan matatu irin ta Dangote a Legas, da wannan dabara ake farfasa mai mai kauri ya koma fetur. Ana haɗa shi da wani garin sinadari a zafin da ya kai digiri 500, cikin 'yan sakanni aiki ya kammala. Idan wannan sashe ya tsaya, fetur ne ke raguwa a kasuwa.

Matsalar ita ce tukunyar ƙarfe ce, ba taga, ba mai leƙawa. Shi ya sa injiniyoyi suke sa kwamfuta ta kwaikwayi abin da ke gudana a ciki. Amma kaurin ƙwaya ɗaya ta garin nan bai wuce na silin gashi ba. Na zauna na yi lissafi: cokalin shayi guda zai ɗauki wajen ƙwaya miliyan 15, alhali tan-tan ake zubawa. Wace kwamfuta za ta bi kowace ɗaya? Sai aka rabu gida biyu. Wasu suna ɗaukar garin tamkar ruwa ne da ke cuɗanya da iska, su yi lissafin jimla. Wasu kuma suna bin ƙwaya-ƙwaya, kowace da karonta da 'yar'uwarta, hanyar da Tsuji da abokan aikinsa suka gwada a Japan a 1993. Ta fi kusa da gaskiya, sai dai ƙaramar tukunya kawai take iya ɗauka.

Ranar da na kawo zancen, wata dattijuwa ta bugo waya ta ce, "Ɗana, ai ba kowane abu ke sheƙuwa ba. Gero daban, tsaki daban, gari kuwa dunƙulewa yake." Na ce, "Inna, kin riga ni." Abin da Derek Geldart na Ingila ya tsara ke nan a 1973, da ya kasa garuruwa gida huɗu bisa girman ƙwaya da nauyinta: mai manne wa juna kamar fulawa, mai laushi irin na matata, mai kama da yashi, da mai gwaɓi kamar hatsi.

Dunƙulewar da ta ambata kuwa ita ce ke kayar da kwamfuta. Ƙananan ƙwayoyi suna taruwa curi-curi, iska ta kewaye curin ta wuce. Idan lissafin bai kai ga ganin waɗannan curarrakin ba, sai ya ɗauka iskar tana tura garin fiye da yadda take yi, ya nuna tukunya ta kumbura alhali ba ta kai haka ba. Hoton zai fito da launuka masu kyau, ja da shuɗi, amma lambar ƙarya ce. Don haka ni hoton ba ya burge ni sai na ji an gwada shi da awon tukunyar gaske.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manhajar MFIX, wadda wata cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka da ke Morgantown take bayarwa kyauta. Ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram zai iya sauke ta ya gina ƙaramar tukunyarsa a allo. Sai dai kwaikwayon sakanni kaɗan yana iya cin kwanaki kwamfuta na aiki ba tsayawa, ga kuma yadda wutar lantarki take yi mana a watan Afrilu.