Mödlareuth: Ƙauyen da Rafi Ya Raba Biyu

Daga birnin Hof na ƙasar Jamus, 'yar tafiya kaɗan ce a mota cikin gonaki ta kai mu Mödlareuth, ƙauyen da mazaunansa ba su wuce mutum 50 ba. Wani rafi mai suna Tannbach ya ratsa tsakiyarsa, ƙanƙane ne ƙwarai, yaro ma yana tsallake shi. Tun 1810 wannan rafi yake iyaka tsakanin masarautar Bavariya da ƙasar Reuss, amma abin bai dami kowa ba. Makaranta guda yaran suke zuwa, coci guda iyayen suke halarta a garin Töpen, auratayya kuma ba ta yanke ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, ɓangaren Bavariya ya faɗa hannun sojan Amurka, na Turingiya kuma hannun Tarayyar Sobiyet. A 1952 hukumar Jamus ta Gabas ta kafa shingen katako, ta kuma fara kwashe mutanen bakin iyaka da ba ta yarda da su ba. Masu injin niƙa na ƙauyen, da suka ji labari, sai suka diro ta taga suka tsere Yamma. A 1966 aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700, tsayinta ya haura mita 3. Sojan Amurka suka laƙaba wa wurin suna Ƙaramar Barlin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dokar gaisuwa. An hana mutanen Gabas ɗaga wa na Yamma hannu, ko da kuwa wa ne ya hango ƙanensa daga kan tudu. Mun karanta labarin zalunci iri-iri, amma hukumar da ke tsoron gaisuwar 'yan'uwa ta nuna rauninta da kanta. Shekara 37 aka yi a haka.

Ranar 9 ga Disamba 1989, wata guda bayan faɗuwar katangar Barlin, aka huda ƙofa. A Yunin 1990 aka rushe katangar, aka bar wani yanki da hasumiyar gadi don gidan tarihi. Rafin kuwa har yau iyaka ne tsakanin jihohi biyu: magajin gari biyu ne, lambar gidan waya biyu, lambar mota ma daban. Maƙwabcin da zai buga wa na tsallake waya, sai ya fara da lambar wani gari.