Takarda Ma Tana Da Nauyi

Wata ranar Laraba cikin watan Satumba, bayan ruwan Agusta ya gama jiƙa Kano, wata dattijuwa ta yi sallama a ofishin zanen gini da nake aiki, ɗanta yana biye da ita. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, ya bar mata gida mai ɗaki shida da marayu, tana so ta ɗora bene ta zuba 'yan haya. Maginin da ta kira ya ce ba zai aza bulo ko ɗaya ba sai ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa: zurfin harsashi, kaurin rodin da ke cikin ginshiƙai, da ko tun farko an yi ginin da niyyar ya ɗauki bene. Mu muka zana gidan, shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana.

Maigidana ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, takardunki suna nan." Ya juyo ya ce in ɗauko.

Ma'ajiyarmu kusurwar ɗakin baya ce. Duk aikin da aka gama sai a naɗe shi kamar tabarma, a ɗaure da kyauro, a jingina a tsaye cikin kwali. Kwana biyu na yi ina warware naɗi kafin in kai ga nata. Da na ɗago shi sai na ji ya yi sakayau. Gefen da ya zauna a ƙasa ya sha danshi, gara ta biyo ta gindin kwalin ta cinye kusan taƙi guda daga kowane shafi, ta bar ƙasa a madadinsa. A wannan gefen ake rubuta sunan mai gida da ma'auni da jadawalin rodi.

Hajiya tana da nata kwafin mai hatimin hukuma, amma bai amfane mu ba. Zanen farko na gida marar bene ne. Ana cikin aiki marigayin ya ce a ƙarfafa harsashi saboda gaba, injiniya ya rubuta canjin da jan biro a kan kwafin da muke zuwa da shi wurin gini. Duk duniya a nan kaɗai rubutun yake, kuma shi gara ta ci. Dole aka haƙa gefen harsashi wuri uku, aka sassaƙe ginshiƙai biyu don a ga rodi da ido. Maigidana ya ɗauki rabin kuɗin, amma makonnin da ta yi tana zirga-zirga ba mai biyan ta su. Ran da za ta tafi ta dube ni ta ce, "Ba komai, ɗana, Allah Ya kiyaye gaba." Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Daren nan na kasa barci, sai ɗakin kakana ya faɗo mini a rai. Littattafansa warƙa-warƙa ne, ba ɗinki, suna cikin gafaka, gafakar kuma tana rataye a wani turken icce da aka kafa cikin bango tun ana gini. Ban taɓa ganin ya ajiye takarda a ƙasa ba. Girmama abin da ke rubuce ne ya sa, amma wannan girmamawa ita ta tsare takardun daga gara da ruwa har suka iso hannun jikoki. A ɗakin kakata kuwa ragaya ce ke riƙe da ƙwaryar nono, nesa da kyanwa da kiyashi. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa abin da ake so ya kwana lafiya, sama ake kai shi. Mu da muka yi boko muka iya ja da rula, mu ne muka zube amanar mutane a ƙasa.

Na taɓa ganin abin da ya kamata a ofishin wani kamfanin hanya: maratayi na ƙarfe a jikin bango, da sandunan alminiyam masu matse bakin takarda, kowace tana juyawa a kan ƙafarta kamar shafin littafi. Ka buɗe, ka duba, ka zare wadda kake so. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, don haka na zana namu. Na je 'Yan Katako a Na'ibawa aka tsaga mini sirarran katako, na haɗa su bibbiyu, na huda kowane gefe na sa noti mai kunne wanda ake ɗaurewa da yatsu. Takardu su shiga tsakani, a matse, su zubo ƙasa a miƙe. Na sayo ƙarfe mai kusurwa a Ƙofar Ruwa, mai walda ya yi mini hannuwa biyu da za su fito daga bango, kunnuwan katakon su hau kansu. Muka kafe su da ƙusoshin kankare. Abin ya yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa.

Kwana tara ya yi. A rana ta goma muka buɗe ofis muka tarar da shi a ƙasa, ya ɓalle da guntayen bulo da filasta, shafuka da dama sun yage daga inda katako ya riƙe su.

A nan na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Babbar takardar zane da ake kira A0, milimita 841 ce da 1189, wato murabba'in mita ɗaya cif. In aka ce takarda mai giram 80 ce, nauyin murabba'in mita ɗaya ake nufi, ke nan kowace A0 giram 80 ce. Rabinta, A1, mai milimita 594 da 841, wadda muka fi aiki da ita, giram 40. Shafi ɗaya iska ma tana ɗaukar sa, shi ya sa ba ya zuwa wa mutum a rai cewa kaya ne. Amma na matse shafi 60 a kowane katako, kilo 2.4 ke nan, na jera katako 15, kilo 36. In aka haɗa da nauyin katakon da notuna, an kai buhun siminti mai kilo 50. Wannan buhu kuma ba a jikin bango yake manne ba, yana kan hannuwan da suka miƙo waje fiye da rabin mita. Duk wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe ya san bambancin. Ƙusar sama ba saukar da ita ƙasa nauyin yake yi ba, fizgo ta waje yake yi, dare da rana.

Wani tsohon kafinta da ke gyara mana tagogi ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya saurara. Ya ce, "Yaro, bulon zamani ciki gare shi kamar ganga. Ka kafa ƙusa a fatar ganga ka rataya mata buhu?" Na san bulon inci tara da na inci shida ramuka ne a ciki, kullum ina zana su a takarda. Ban taɓa haɗa wannan sani da ƙusar da ke hannuna ba. Naman bulon bai wuce inci biyu ba, in masu bugawa sun yi rowar siminti kuma, da farce ma sai ka marmashe shi.

Shi ya nuna mini yadda za a yi. Muka sami katakon maɗaci mai kauri, muka kwantar da shi a jikin bango, muka huda bangon har ya ɓulla ɗaya ɗakin, muka zura dogayen notuna huɗu, kowanne da faifan ƙarfe a bayansa. Yanzu bango gaba ɗaya ne ke riƙe da kayan, ba fatarsa ba. Inda ba a iya ɓullawa, ya ce a nemi kankaren lintal ko ginshiƙi, a huda da inji, a cusa robar nan da ke buɗewa in sukuru ya shiga. Mai walda ya rage tsawon hannuwan, ya yi wa kowanne tokari daga ƙasa. Na rage kaya zuwa katako goma, na yi maratayi na biyu a gefe. Su ne har yau.

Tsayawar maratayi ba ita ce ƙarshen karatun ba. Damina ta gaba na ga jan tabo a saman wasu shafuka, daidai inda noti ya taɓa su. Tsatsa ce. Ƙarfe in ya sha danshi yana cin takarda har ya huda ta, haka ƙusar sitefila da fil na ƙarfe suke yi a hankali. Na matsar da notunan gefe yadda ba za su haɗu da takarda ba, na liƙa ƙyallen akoko a cikin bakin katakon. Sai ga wata riba da ban yi zato ba: ƙyallen ya hana shafukan tsakiya sulɓewa, abin da a da sai na ɗaure noti da ƙarfi har ya bar shaida.

Zaɓen bango ma sai da ido. Bangon waje da ruwa ke duka yana tsotsar danshi, haka wanda ke raba ɗaki da banɗaki. In ka ga filasta tana kumbura daga ƙasa ko tana fitar da farin gari kamar kanwa, ka nemi wani. Rana kuma maƙiyiya ce. Tsofaffin kwafe-kwafenmu na injin amoniya ne, wanda warinsa ke sa hawaye, kuma shuɗin layinsu yana kodewa in haske ya daɗe a kansa. Akwai wanda ya fuskanci taga wata uku, shafin gaba ya koma kamar ba a taɓa zana komai a kai ba. Tun daga nan kowane katako yana da marfi na takarda mai kauri a gaba, kuma da hunturu ina lulluɓe duka da zane saboda ƙura. Na kafa maratayan a tsayin kusan mita ɗaya da rabi, yadda A1 za ta zubo ta bar fiye da kamu guda tsakaninta da ƙasa, tsintsiya ta wuce, ruwan wanke daɓe bai kai gare ta ba.

Kada wani ya ɗauka ratayewa ta raba shi da gara. Tana gina hanyarta ta ƙasa a jikin bango ta hau har rufi. Abin da maratayi ya ba ni shi ne ina ganin ta tana tafe, saboda akwai sarari tsakanin takardu da bango. A kwali kuwa sai ta gama aiki ake sani.

Akwai abin da ban yarda a rataye ba. Tsohuwar takardar nan mai shara-shara da muke zane a kai da tawada, in ta shekara da yawa bushewa take yi ta koma kamar ɓawon albasa, matsi kaɗan ya karya ta. Tana kuma miƙewa da damina ta tsuke da rani, kuma a zanen da santimita ɗaya ke tsaye a madadin mita ɗaya, ɗan motsi ba ƙaramin abu ba ne. Irin waɗannan kwanciya suke so, a shimfiɗe cikin faffaɗar durowa, ba a tara su da yawa. Ratayewa ta aikin da ake waiwaya ce, wanda magini zai iya turo yaro gobe ya ce a duba masa.

A ganina ma, babban abin da maratayin ya gyara ba gara ba ce, nema ne. Takardar da aka naɗe ta shekara ba ta yarda ta kwanta. Sai ka danne kusurwa huɗu da dutse da kofin shayi, kana sakin ɗaya ta koma. Saboda wannan wahala mutum yakan ce "na tuna abin da ke ciki" ya ƙi dubawa, daga nan kuskure ke shiga gini. Yanzu a goshin kowane katako akwai lamba da unguwa da shekara, da wani littafi da ke faɗin abin da ke ƙarƙashin kowace lamba. Sabon yaron ofis ma minti biyu ya ishe shi.

Ƙanwata malamar firamare ce. Da ta ga abin, ta kawo mini kukan taswirori da hotunan koyarwa da suke manna wa bango da salatif ko da ƙullun fulawa. Salatif yana rawaya ya bar maiƙo, fulawa kuwa gayyatar kyankyaso ce. Muka yi wa kowace taswira bayan akoko, da siririn katako sama da ƙasa, da igiya, muka kafa mata jeren maratayai a katako guda a bangon ofishin shugaban makaranta. Malami ya ɗauka ya je aji, ya dawo ya mayar.

Matasan da ke shigowa aikin suna ce mini duk wannan ya wuce, komai yana cikin kwamfuta. Ni ma da ita nake zane yanzu, kuma ina ɗaukar hoton kowane tsohon shafi in adana. Sai dai har gobe takarda ce ke zuwa wurin gini. A kanta magini ke dangwala yatsa mai siminti, a kanta injiniya ke soke rodi mai milimita 12 ya rubuta 16, a kanta mai gida ke cewa a matsar da ƙofa. Abin da aka gina da gaske a wannan kwafi mai datti yake, ba a tsaftataccen da ke cikin inji ba. Shi nake karɓa ran da aka gama aiki, in karkaɗe shi, in matse.

Benen Hajiya ya tashi, ina wucewa ta gabansa in zan je gida. Ragowar shafukanta da gara ta bari suna katako mai lamba ɗaya, tare da sabon shafin da na zana na abin da muka gani a ramukan nan uku, da kwanan wata, da sa hannun injiniya. Na ba ɗanta kwafi biyu, na ce ya rataye ɗaya a ɗakinta, ɗaya ya kai gidan yayarsa.