Juyen mai a ƙofar gida

Motar Babanmu Peugeot 504 ce, a-kori-kura, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ke kwasar gishirin Fogha da buhunan shinkafa daga nan Tunuga zuwa Gaya, wani lokaci har Kamba. Abin da ta samo shi muke ci, da shi ake biya mini kuɗin ɗaki a Gaya inda nake lise. Agogon kilomitarta ya mutu tuntuni, don haka duk ranar da Baba ya yi juyen baƙin mai, wato bidanj, sai ya rubuta kwanan wata da gawayi a bangon zaure.

A hutun bara ciwon baya ya kwantar da shi, ga lokacin juye ya wuce. Tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023 dama lodi ya ragu, kaya sun yi tsada. Bayan an sayi galan ɗin mai da sabon filta, babu abin da ya saura na biyan makaniki. Na ce ni zan yi. Ai tun ina ƙarami nake miƙa masa kile.

"To, ɗan lakwal," in ji shi daga kan tabarma, "mu gani."

Na tayar da injin ya yi minti biyar don mai ya saki jiki, na kashe. Na tokare tayoyi da duwatsu, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi da rabin jarka. Ina kwance notin ƙasan inji, mai ya zubo baƙi ƙirin, da ɗuminsa, har gwiwar hannuna. Na jira ya tsane, na mayar da notin. Tsohon filta ya ƙi motsi sai da na naɗa masa tsohon bel na murɗa. Sabon kuwa na shafa wa robarsa mai da yatsa, na ɗaure da hannu kawai, yadda na ga Baba yana yi. Na zuba kusan lita 4 na 20W-50, na zaro sandar awo, daidai. Wallahi a lokacin ji nake babu kamata.

Na murɗa makulli. Ban fi ƙidaya goma ba na ji ƙanwata tana ihu: "Yaya, yana zuba! Yana zuba!" Na kashe da sauri. Sabon mai ne malale a ƙasa, yashi yana shanyewa ina kallo.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kawo min tsohon filtan." Ya juya shi, ya nuna mini bakinsa. "Ina robar?" Babu. Ashe ta maƙale a jikin injin, ni kuma na ɗora sabuwa a kanta. Roba biyu ba sa riƙe juna. Da mai ya taso da ƙarfi sai ya sami hanya. "Da ƙanwarka ba ta gani ba, da ka hau hanya hakanan, kahin ka kai Gaya injin ya buga. Sannan mi za mu ci?"

Lita 2 muka yi asara. Inna ce ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin adashinta, ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi mari zafi. Na hau kabu-kabu na je na sayo.

Da na dawo na ɓamɓare tsohuwar robar da farce, na goge wurin tas, na sake ɗaurawa. Wannan karon ƙanwata na durƙushe tana leƙen ƙasa har injin ya yi zafi. Ko ɗigo. Tsohon man na juye a jarka na rufe, yashin da ya ɓaci na kwashe da shebur, don a nan ruwa kusa yake, rijiyarmu ma ba ta da zurfi.

ƴan uwana ɗalibai, kallo daban, yi daban. Shekara goma ina kallon Baba yana duban bakin tsohon filta kafin ya ajiye shi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Da yamma ya miƙo mini gawayi. Na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin nasa.