Ganyen icen pan a ƙasar Land

Ƴan'uwa manoma da masu garka, yau zan ba ku labarin wani icce wanda ba ya fita a ƙasarmu. Faransawa suna ce masa pan. Na san shi ne lokacin da aka aike ni horon aikin gona a yankin Land, kudu da birnin Bordo, cikin ƙasar Faransa.

Land ƙasar rairayi ce. A da fadama ce da fili, makiyayan tumaki suna yawo bisa dogayen sanduna don kada ƙafarsu ta nutse. A shekara ta 1857 gwamnati ta yi doka, ta tilasta wa garuruwa su janye ruwa su dasa pan. Yau dajin ya kusa hekta miliyan ɗaya.

Ganyen iccen ba shi da faɗi. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, biyu biyu yake fita, tsawonsa ya kai santimita 15 zuwa 20. In ya bushe sai ya yi ja ya zuba, ya rufe ƙasa kamar tabarma. Baƙo zai ce shara ce. Mutanen ƙauye kuwa da manjagara da kwando suke zuwa kwasa.

Babban amfaninsa a garka yake. Bayan an dasa, sai a shimfiɗa shi kewayen shuka, kaurin yatsa uku ko huɗu, a bar ɗan fili wajen gindi don kada ya ruɓe. Rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye, saboda haka laima tana daɗewa, ban ruwa ya ragu. Haki ba ya samun hasken da zai tsira. Abin da ya fi burge ni shi ne tsinkayen suna sarƙewa da junansu, iska ba ta kwashe su da sauƙi, amma ruwan sama yana ratsawa ya sauka. Kuma suna da wani maiƙo a jiki wanda ke hana su ruɓewa da wuri, shimfiɗa ɗaya takan kai shekara. Tsohuwar da na sauka gidanta tana zuba shi ƙarƙashin firez, wata ƴar shuka mai jajayen ɗiya masu zaƙi, don kada ɗiyan su taɓa ƙasa su lalace. Tana kuma zuba shi bisa hanyoyin da ke tsakanin fangali, ta yi tafiya ba caɓi ko an kwana ana ruwa.

An daɗe ana cewa ganyen pan yana sa ƙasa tsami. Gaskiya ne ɗanyensa yana da tsami, amma masana sun auna sun ga in ya bushe ya ruɓe bisa ƙasa, abin da yake canzawa kaɗan ne ƙwarai. Ƙasar Land dama can mai tsami ce, iccen ya tarar da ita haka.

Cikin gida kuma, da shi ake hura wuta. Tafi ɗaya na busasshe ya isa ya kama itace. Wasu suna shimfiɗa wa kaji a akurki, daga baya su kwashe da kashin su kai ramin taki. Can arewa kaɗan, a bakin tekun Sharant, har girki ake yi da shi: a jera wasu ƙananan katantanwar teku bisa katako, a rufe su da ganyen, a cinna wuta. Cikin minti kaɗan wuta ta mutu, a fifita tokar, a ci. Ni dai ƙamshin ya fi mini daɗi bisa ga naman.

To, amma abin da ke kama wuta da sauri haka, abin tsoro ne. A watan Agusta na 1949 gobarar daji ta kashe mutum 82 kusa da Bordo. A watan Yuli na 2022 fiye da hekta 20.000 suka ƙone a yankin. Shi ya sa doka ta ce mai gida kusa da daji ya share mita 50 kewayen gidansa. Ba a barin ganyen bisa rufin ɗaki, ba a tara shi jikin bango.

Kada wani ya ce zai nemo irin pan ya shuka a Maradi ko Tawa, zafinmu da ƙarancin ruwa ba za su bar shi ba. Dabarar rufe ƙasa ita ce na kawo gida. A garkata ina amfani da karan hatsi da na sassare da busasshen ganyen dogon yaro, ƙarƙashin tumatir da tattasai. Bambancin shi ne namu gara tana cinye shi da wuri, sai an ƙara sau biyu ko uku kafin rani ya ƙare. Ban damu ba, don ramukan da take haƙawa suna shigar da ruwa cikin ƙasa. Wahalar ita ce karan: bisashe suna so, mai darni yana so, mai murhu ma yana so. Ni tun lokacin girbi nake ware dami biyar na garka, in ɗora su bisa rumfa inda awaki ba su kaiwa.