Tambaya Ba Raini Ba Ce

Ɗiyar ƙanwata takan ji wa kanta rauni in ranta ya ɓaci. Aka ce a gwada DBT, wato jinya ta hanyar zance, wadda Marsha Linehan ta Amurka ta rubuta littafinta a 1993. Kafin mu miƙa yarinyar, na tambayi mai aikin: Ina aka horar da kai? Ina lasisinka? Ban da zama da kai, akwai ajin koyon dabaru? Tana iya kiranka in abin ya taso? Gama cikakkiyar DBT ta haɗa da aji da waya. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Ya mai karatu, hakkin majinyaci ne a rufa asirinsa, ya kuma sake wuri in bai gamsu ba.