Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Ya kai mai karatu, in ka taɓa shiga mota da dare, ka san 'yar fitilar nan da ke manne a rufi daga ciki. Da an buɗe ƙofa sai ta kama, da an rufe sai ta mutu. Ba mai kula da ita. Ni ma ban taɓa kula da ita ba, sai ranar da ta kusa jefa iyalina cikin masifa.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Ibadan, ina zaune a unguwar Sabo. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, wadda na gada daga mahaifina. Wata rana da magariba na rufe motar, sai na ga fitilar ciki ba ta mutu ba. Na sake buɗe ƙofa na buga ta da ƙarfi, ta mutu. Haka na yi ta yi har kusan wata guda. Kullum ina cewa gobe zan kai ta gyara, goben kuwa ba ta zo ba.

Wata Juma'a na dawo a gajiye, na kulle motar, na shige gida ban waiwaya ba. Asabar da Lahadi ban je ko'ina ba. Ranar Litinin, wajen ƙarfe 3 na dare, naƙuda ta kama uwargidana. Na ɗora ta a mota, na murza makulli, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, inji ya ƙi tashi. Na ɗaga kai, ga 'yar fitilar can tana ci ja-ja, kamar garwashin da ya kusa zama toka. Ban san lokacin da na fara buga ƙofofin maƙwabta ba. Mutum huɗu suka fito, suka yi ta tura motar har ta tashi. Allah ya taimake mu muka isa asibiti, ta sauka lafiya bayan sallar asuba.

Bayan suna na kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Muka gaisa, na ce, "Baba, ƙwan nan nake so a cire, kowa ya huta."

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, in yaro ya yi ta tari a ajinka, korarsa kake yi, ko maganin tarin ake nema? Ƙwan ba shi da laifi. Tsaya mu ga wanda ke ba shi wuta."

Kafin ya taɓa komai sai da ya yi mini bayani. Batirin mota irin tawa mai volt 12 ne, kuma ba ya samun caji sai inji yana aiki. Ƙwan fitilar ƙarami ne, wutar da yake ja kaɗan ce, amma ya yi fiye da awa 50 yana ja, batirin kuwa da ma ya tsufa. Tulu mai ɗigo, in ba a ƙara masa ruwa, komai girmansa zai ƙafe.

Daga nan ya fara bincike, abu ɗaya bayan ɗaya, ya soma da mafi sauƙi. Ya duba maɓallin da ke jikin fitilar. Wannan maɓalli matsayi uku gare shi: kunnawa, kashewa, da bin ƙofa. Sau da yawa, in ji shi, kan mutum ko kaya ne ke goga shi ya koma kan kunnawa, mai mota ya zo yana kuka alhali ba abin da ya lalace. Nawa yana kan bin ƙofa, saboda haka matsalar ba a nan take ba.

Sai ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai hular roba a jikin dogaran kowace ƙofa. In an rufe ƙofa tana danne shi, ya yanke wuta. In an buɗe ya fito, ya haɗa wayar fitilar da ƙarfen jikin mota, fitila ta kama. Ya rufe ƙofar fasinja, ya buɗe ta direba, ya danna maɓallinta da yatsa. Nan take fitilar ta mutu. Ashe maɓallin yana aiki, ƙofar ce ba ta danna shi sosai. Hular robar ta cinye, ƙofar kuma ta ɗan sauka saboda tsufa. Ya ce da fitilar ta ƙi mutuwa duk da dannawar, da sai mu bi wayar mu ga inda ta goge take taɓa ƙarfe.

Ya sa sukudireba ya kwance noti ɗaya, ya sa sabon maɓalli, ya daidaita ƙofar. Aikin bai kai minti 20 ba, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sabon batirin da dole na saya ba.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata guda fitilar tana gaya mini akwai matsala, ni kuwa ina amsa mata da buga ƙofa. Saboda haka, in ka ga irin wannan a motar gidanku, kada ka bari ta kwana. Ka duba maɓallin fitilar, ka danna na ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. In abin ya gagare ka, ka mai da maɓallin kan kashewa don batir ya tsira, da safe a nemi mai gyara.

'Yar da aka haifa a daren nan yanzu tana aji uku na firamare. Har yau, in na kulle motar, sai na tsaya na ga cikinta ya yi duhu kafin in shiga gida.